A KAFA RESHEN WIKIPEDIA A IKARA DA MAƘARFI DA KUDAN

Ran nan wani malamin makaranta, mutumin ƙasar Maƙarfi, ya ba mu wani labari wanda har yanzu ya ke damun mu. Ya ce ya ba 'yan ajinsa aikin gida, kowa ya rubuto tarihin garinsu. Da suka kawo takardunsu sai ya ga kusan duk bakinsu ɗaya, kamar an haɗa baki. Ashe wayoyin yayyensu suka ara, suka shiga Wikipedia, suka kwafo abin da suka tarar. Abin da suka tarar kuwa bai fi layi biyu ba: gari kaza yana cikin ƙaramar hukuma kaza, a Jihar Kaduna, a Nijeriya. Shi ke nan. Yaro guda ne kaɗai ya zauna gaban kakansa ya yi tambaya, shi kuwa ya cika shafi uku.

To, ba mu ga laifin yaran nan ba. Inda zamani ya nuna musu a ke neman ilmi nan suka nufa, suka iske mu manya ba mu ajiye musu kome a wurin ba. Kakan nan kuwa da ya cika shafi uku, yau yana nan, gobe Allah ne masani. Saboda haka mu ke so mu jawo hankalin akawunan ƙananan hukumomi da na ofisoshin hakimai, waɗanda su ne magadan ma'aikatan En'e, da malaman makaranta maza da mata na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ga wani aikin gayya da ya dace da su fiye da kowa.

MECE CE WIKIPEDIA?

Wikipedia wani babban kundin sani ne da ke cikin intanet, wanda kowa ke karantawa kyauta, kowa kuma na iya rubutu a ciki. Waɗansu mutane biyu na Amurka, Jimmy Wales da Larry Sanger, su suka fara shi ran 15 ga Janairu, 2001. A 2003 aka kafa Gidauniyar Wikimedia don ta riƙa kula da injunan da ke ɗauke da shi. Amma fa gidauniyar nan ba ita ke rubuta labaran ba, ba ta kuma biyan masu rubutawa. 'Yan sa kai ne su ke yi, malami da ɗalibi da likita da mai kanti, kowa a lokacin da ya samu sarari.

Yanzu ana rubuta kundin nan cikin harsuna fiye da 300. Na Turanci ya kai maƙala miliyan 6 a 2020, ya cika miliyan 7 a 2025. Mai karatu zai ce, in kowa na iya sa hannu, me zai hana mahaukaci ko maƙaryaci ya ɓata? Dalili shi ne, kowane shafi yana da tarihinsa, kamar littafin rajista na ofis. Ko wasali ɗaya mutum ya sake, za a ga sunansa da ranar da sa'ar da ya yi. Wanda ya ga ɓarna yana iya mai da shafin yadda ya ke a dā cikin ƙiftawar ido. Bayan kowane shafi kuma akwai wurin mahawara, inda masu rubutu ke kawo hujjojinsu in sun saɓa. Watau dai tsaron kundin ya dogara ga yawan idanun da ke kansa. Shafin da ba mai duba shi, shi ne ƙarya ke daɗewa a ciki.

HAUSA BA A BAR TA A BAYA BA

Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma cikin 'yan shekarun nan ta yi girma ƙwarai, har maƙalunta sun kai dubun dubata. Ƙungiyar 'yan sa kai ta Nijeriya baki ɗaya ta samu amincewa a 2015. Daga baya masu rubutu da Hausa suka kafa tasu, mai suna Hausa Wikimedians User Group, wadda ke shirya tarurrukan koyarwa da gasar rubutu. A 2019 aka yi babban taron masu wannan aiki na Afirka, wanda a ke kira Wiki Indaba, a Abuja.

Abin da ya kamata ya zaburar da mu shi ne ƙoƙarin waɗanda ba su kai mu yawa ba. Dagombawa na arewacin Gana sun buɗe tasu Wikipedia da harshen Dagbani a 2021. A nan cikin jiharmu ma, mutanen Atyap na kudancin Kaduna sun buɗe tasu da harshen Tyap a 2022. In waɗannan sun iya tayar da kundi sukutum daga tushe, ashe mu da muka tarar da gini a tsaye ba mu da hanzari in muka kasa ƙara ɗaki.

Amma galibin masu rubutu da Hausa mazauna manyan birane ne. Ba mu rena aikinsu ba, Allah ya saka musu. Sai dai wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ba zai san abin da ya bambanta Paki da Auchan ba, balle ya san wace unguwa ce ta fi daɗewa a Likoro. In ya yi ƙoƙari ya ɗauko sunan gari daga jerin sunaye, ya rubuta layi biyu, ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

ABIN DA KE GARE MU NA RUBUTAWA

Kada wani ya ce ƙasarmu ƙauye ce, ba abin faɗi. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan uku tana da mazaɓu 10, watau 30 ke nan. A Ikara akwai irin su Paki da Auchan da Pala da Saulawa da Kurmin Kogi. A Maƙarfi akwai Gimi da Gazara da Mayere da Gubuci da Nasarawan Doya. A Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunƙuyi, akwai Likoro da Doka da Zabi da Garu da Ƙauran Wali. Kowane daga cikinsu ya cancanci shafi cikakke, mai faɗin inda ya ke, da sana'ar mutanensa, da kasuwarsa, da makarantunsa, da jerin waɗanda suka sarauce shi.

Ga kuma dukiyar ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya san raken Maƙarfi, da yadda a ke loda shi a motoci zuwa garuruwa masu nisa, da yadda a ke matse shi a dafa a yi mazarƙwaila. Ikara ta yi suna wajen tumatir, har gwamnati ta gina masana'antar sarrafa shi a can. Kudan kuwa yanzu ana ambatonta saboda gonakin inabi, abin da kakanninmu ba su taɓa zaton za a noma a ƙasar Zazzau ba. Ga hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta Gimi, wadda ta isa Kano a 1911. Ga kwalejin koyar da aikin lafiya ta Maƙarfi da aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Ga 'ya'yan ƙasa da suka riƙe manyan muƙamai, kamar Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi, Gwamnan Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007.

In mutum goma suka ɗaura niyya, kowa ya rubuta maƙala guda a mako, kafin shekara ta kewayo sun yi 520. Wannan ya isa ya rufe dukan mazaɓun nan 30, da manyan ƙauyukansu, har a samu ragowa.

YADDA ZA A FARA

Da farko dai ba a bukatar a kafa sabuwar ƙungiya mai rajista, ko a nemi ofis da hatimi. Abin da a ke so mutum biyar ko bakwai masu himma, waɗanda suka iya rubuta Hausa daidai, su ke kuma da wayar da ke shiga intanet. Kwamfuta ta fi daɗin aiki, amma rashinta ba ya hanawa. Mun ga ya fi kyau a soma da wuri guda, in ya kafu sa'an nan sauran biyun su yi koyi, a riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya a kowane zangon karatu, ana kewayawa tsakanin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi.

Na biyu, kowa ya buɗe asusunsa da kansa, da sunan da ya ga dama, ba sai sunansa na yanka ba. Asusu ɗaya na mutum ɗaya ne, ba a tarayya a kansa, ba a kuma buɗe shi da sunan ƙungiya. Muna ba da shawara kowa ya buɗe nasa a gida tun kafin ranar taro. Dalili kuwa, akwai ƙa'idar da ta hana a buɗe asusu fiye da 6 a yini ɗaya daga layin intanet guda, don tsoron maɓarnata. In mutum ashirin suka taru a aji guda za su buɗe tare, sai a wuni ana fama ba a koyi kome ba.

Na uku, a sanar da ƙungiyar Hausa ta Wikimedia ta shafinta, a nemi ta turo wanda ya ƙware ya yi koyarwar farko, ko da ta waya ce. Reshe ba ya rayuwa in ba ya manne da uwar itace.

Na huɗu, a kai gaisuwa ga Hakimi da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a bayyana musu abin da a ke nufi, don kada a wayi gari a ji wani ya kai tsegumi cewa waɗansu yara na tara asirin gari suna aikawa Turai. A nemi aron aji guda ranar Asabar, inda a ke samun wuta ko na'urar hasken rana ta cajin waya. A zaɓi mai kira taro da magatakarda. Muƙami biyun nan sun isa. Mun sha ganin ƙungiyoyin da suka mutu tun ranar rabon muƙamai, shugaba da mataimaki na ɗaya da na biyu da ma'aji da mai tsawatarwa, ba wanda ya rage da zai yi aikin.

Kada kuma a manta da malamai mata. Su suka san abin da ke bayan zaure, su girke-girke da saƙa da kitso da al'adun biki da suna, su ne kuma za su iya zama da tsofaffin mata su yi tambaya. In taron haɗaka zai yi musu wuya, a keɓe musu nasu lokaci.

Sabon shiga kada ya fara da sabuwar maƙala. Ya soma da gyaran kuskuren rubutu cikin na waɗansu, ya yi gwaji a shafin gwajinsa, har hannunsa ya faɗa. Kuma tun ranar farko kowa ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa, mai ƙ da ɗ da ɓ. Malamai sun fi kowa sanin cewa kafa ba ƙafa ba ce, kasa kuma ba ƙasa ba ce.

SHARUƊƊAN DA BA A KETAREWA

Sharaɗi na farko, kowace magana sai da madogara. In ka ce an gina makaranta kaza a shekara kaza, sai ka nuna littafi ko jarida ko rahoton da ya faɗi haka, yadda wani zai iya zuwa ya duba. Akawu ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ya san ba a biyan kuɗi sai da takardar shaida.

Na biyu, ba a ɗaukar gefe. Wikipedia ba dandalin kirari ba ce, ba kuma wurin habaici ba. In gidaje biyu suna jayayya a kan asalin wata sarauta, sai a kawo abin da kowane ya dogara da shi, a bar mai karatu ya auna. Haka kuma mutum ba ya rubuta tarihin kansa, ko na maigidansa a ofis, ko na ɗan takarar da ya ke goyon baya. Wanda aka biya don ya yi rubutu, tilas ne ya bayyana haka a fili, wannan doka ce tun 2014.

Na uku, ba a kwafo aikin wani. Sai ka karanta, ka fahimta, ka rubuta da kalmominka. Ka sani kuma abin da ka rubuta ya zama kamar rijiyar kan hanya, kowa na iya ɗiba, kowa na iya gyarawa, muddin ya ambaci inda ya samo. Mai zafin rai wanda ba ya son a taɓa masa jimla, wannan aiki zai koya masa haƙuri.

TO, INA MAGANAR DATTAWA?

A nan ne babbar wahalar ta ke, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Yawancin tarihin garuruwanmu yana cikin kawunan dattawa ne, Wikipedia kuwa ba ta karɓar "kakana ya gaya mini" a matsayin hujja. Mutum zai zauna ya rubuta gaskiya tsantsa, wani daga nesa ya zo ya share don ba madogara. Wannan ya kan karya zuciya, ya kuwa kori mutane da yawa.

Amma in an duba, rubutattun madogara sun fi yadda mu ke zato. Akwai rahotannin da Di'o-Di'o da Razdan suka rubuta a kan gundumomin Lardin Zazzau, suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Akwai Arewa House, ita ma a Kaduna. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, inda littattafai da kundayen binciken ɗalibai su ke jibge. Akwai littafin da M. G. Smith ya wallafa a 1960 a kan sarautar Zazzau. Akwai tsofaffin jaridu. Reshe ya riƙa tura mutum biyu sau ɗaya a wata su wuni a ɗaya daga cikin wuraren nan. Sai dai a karanta takardun Turawa da lura, don sau da yawa ta bakin tafinta suka ji, da idon mai karɓar haraji kuma suka duba.

Abin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa, hanyarsa biyu ce. A je wurin dattijo da izninsa, a ɗauki muryarsa, a rubuta sunansa da shekarunsa da ranar da aka yi hirar. Sa'an nan a nemi malamin tarihi ya tace, ya gwada da na waɗansu dattawan, a buga a jarida ko mujalla ko ɗan littafi. Ran da aka buga, ya zama abin da za a iya dogara da shi. Hanya ta biyu ita ce hoto. Akwai ma'ajiyar hotuna da sauti mai suna Wikimedia Commons, wadda aka buɗe a 2004, tana karɓar hoton da mutum ya ɗauka da hannunsa. Kufan ganuwa, da tsohon masallaci, da marina, da injin matse rake, da rumbu, duk a ɗauka tun ba su shuɗe ba. Har gasa a ke yi ta hotunan Afirka kusan kowace shekara tun 2014, ana kiranta Wiki Loves Africa. Amma kada a ɗauko hoton wani daga Facebook, kada kuma a ɗauki mutum sai ya yarda.

RAMUKA UKU A KAN HANYA

Na farko shi ne fassarar inji. Tun 2013 injin fassara na Google ya fara Hausa, kuma yana da amfani ga wanda zai zauna ya bi abin da ya fitar jimla jimla. Amma mai gaggawa, wanda ke son a ce ya fi kowa yawan maƙala, sai ya zuba Turanci ya kwashe abin da ya fito ko dubawa bai yi ba. Kalma guda a Turanci tana nufin banki tana kuma nufin gaɓar kogi, inji kuwa bai taɓa zuwa rafi ba. Abin da ya sami mutanen Sikotilan ya ishe mu wa'azi. A 2020 aka gano cewa wani saurayi ɗan Amurka, wanda bai iya harshensu ba, ya rubuta maƙala fiye da dubu 20 a tasu Wikipedia, yana ɗaukar Turanci yana sake masa kama. Shekara da shekaru ba wanda ya lura, don masu harshen ba su leƙawa. Ga wani ƙarin haɗari: injunan fassara da na amsa tambaya na zamanin nan daga irin rubutun da ke cikin Wikipedia su ke koyon harshe. In muka bari gurɓatacciyar Hausa ta cika ta, ita injunan za su haddace, su dawo su koya wa jikokinmu.

Na biyu shi ne kuɗi. Gaskiya ne gidauniyar ta kan ba da ɗan taimako don taro da sayen data, amma sai an nema, sai kuma an kawo bayanin yadda aka kashe kowace naira. Wanda ya shigo don ya ji ana rabo, zai fita da zarar rabo ya tsaya. Mu dai shawararmu, reshe ya yi wata shida da aljihunsa kafin ya nemi ko kwabo, don a san masu zuwa domin aikin. In kuɗi ya zo, a karanta lissafinsa a gaban kowa.

Na uku ya shafi akawuna musamman. Abin da ke cikin fayil ɗin ofis amana ce. Takardar da hukuma ba ta fitar ga jama'a ba, ba ta zama madogara, kuma fitar da ita na iya raba mutum da aikinsa. A tsaya ga abin da aka buga aka baza.

JAWABINMU NA ƘARSHE

Cikin shekarun 1950, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, malaman makaranta da ma'aikatan En'e ne suka riƙa zama da manya a zauruka da gindin itatuwa bayan sun tashi aiki, suna koya musu a, ba, ca. Albarkacin wahalarsu ne da yawa daga cikinmu muka tashi a gidajen da a ke karanta wasiƙa ba sai an kira wani ba. Su sun koya wa mutane karatu. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu samar wa masu karatun abin karantawa a kan ƙasarsu, cikin harshensu, ingantacce.

Saboda haka duk wanda ya karanta wannan, in yana Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, ya ɗauki wayarsa yau ya nemi sunan garinsu a Wikipedia ta Hausa, ya ga abin da aka ce. In ya gamsu, to, madalla. In bai gamsu ba, ya nemi abokan aikinsa huɗu su sa ranar Asabar. Shi ma malamin nan da ya ba mu labari mun gaya masa haka, mun kuma roƙe shi ya adana shafi ukun nan na yaron, ya koma wurin kakan tun yana da ƙarfin magana.

Allah ya ba mu ikon yi, ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a, amin.